Ranar Da Aka Ɗaure Ni Da Igiyata A Shinkafi

Ni dai tun ina yaro bakina ke gaba, hankalina na biye da shi yana haki. A haka na tsufa. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, wanda na shiga da furfura a gemuna, shi ma rabin lokacin ina can baya ina ba mutane dariya. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri, haka mai shi yake. Wauta kam na yi ta kala-kala, amma wadda ta fi kowacce ita ce ranar da na buɗe baki, a cikin mota cike da mutanen da ba su san ni ba, na ce zan sayar da jikana a kasuwar Shinkafi.

Abin da ya tuno mini da zancen, kwanakin baya wata yarinya a gidanmu take karanta wa ƙannenta wani littafin labari da aka ba su a makaranta. Yara biyu ne abokai, ɗaya ya mutu ya bar ɗaya. Ina kan tabarma ina yi kamar barci nake, amma kunnena na wurin. A cikin littafin nan manya duk masu hankali ne, kowa ya buɗe baki sai magana mai sanyi ta fito. Na ce mata manyan littafinki ba su taɓa zama Ƙaura ba. Ta ce to ni na rubuta nawa mana. Ga shi kuwa.

Lokacin jiharmu tana sabuwa, ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato ba, sai ga Shari'a ta biyo baya. Wanda bai ga Ƙaura Namoda a shekarun nan ba ba zai gane ba. Ko'ina ka juya lasifika ce. Mai shayi ya kashe waƙa ya sa kaset ɗin wa'azi, mai faci ma haka. Mutane sun shiga taitayinsu, wasu don Allah, wasu don tsoro. Ni ma na rage wasu abubuwa, ban da baki. Sana'ata tufka. Igiyar rama da ta kaba nake yi, ta ɗaure dabba da ta guga, in cika buhu in bi kasuwanni, yau Kasuwar Daji, gobe Zurmi, ran Alhamis Shinkafi.

Jikan nan nawa ɗan babban ɗana ne, lokacin bai wuce shekara takwas ko tara ba. Tsakanina da shi sai tsiya, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika. Ina kiransa ɓarawon mata, don tsohuwata, kakarsa, ta ce shi ne mijinta na gaske, ni ɗan rakiya ne. Shi kuma ba ya kirana komai sai Tsoho. Kullum da safe sai mun yi faɗa. In ce ya cinye mini ɗumame, ya ce ai ba ni da haƙoran ci. In ce zan kai shi kasuwa in musanya shi da ɗan akuya, ya ce ni ko kyauta aka bayar da ni sai an dawo da ni.

Yana da aboki, ɗan maƙwabcinmu, wani mutumin Katuru, can kusa da Shinkafi, da ke dako a tasha. Yaro ne siriri mai manyan kunnuwa, ba shi da hayaniya. Nawa ne mai surutu, wancan mai aiki. In ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Kwanon tuwonsu ɗaya, bulalarsu ɗaya a makarantar allo, don in aka daki ɗaya sai ɗayan ya yi abin da za a dake shi.

A bazarar shekarar suka ƙera wata babbar mota ta karan dawa, har da bodi da tsani, tayoyinta na tsohon silifa. Sun daɗe a kanta. Ranar da suka gama, abokin ya ja da baya don ya kalle ta da kyau, ya yi tuntuɓe da turmi ya zauna a kanta. Ta wargaje. Ina zaune a zaure ina tufka, na yi dariya har da hawaye. Nawa bai yi dariya ba. Ya miƙa ƙaramin yatsansa. A unguwarmu haka yara ke yi, in za a ɓata sai a sarƙa ƙananan yatsu a fizge, shi ke nan ba magana, ba cin abinci tare. In za a shirya kuma sai a sarƙa yatsun da ake nuni da su, a ce mun shirya. Abokin ya tsaya yana kallon yatsan, kamar ba zai ba da nasa ba, daga baya ya bayar. Ban ɗauki abin komai ba. Sun sha yin haka, kafin la'asar sun manta.

Wannan karon ba su samu la'asar ɗin ba. Kashegari uwar abokin ta tafi da shi Katuru wajen sunan ƙanwarta. Shekarar kuwa sanƙarau ya shiga ƙauyukan can. Ba a yi mako biyu ba uban ya zo ya kwashe 'yan komatsansu da jajayen idanu, ya ce yaron ya kwanta da ciwon kai da safe, wuyansa ya sandare, bai ga wata safiyar ba. Can aka binne shi. Ya ce ba zai iya zaman Ƙaura ba kuma, ya koma gida noma.

Jikana bai yi kuka ba. Wannan ne ya fara ba ni tsoro. Ya ci tuwonsa, ya je makaranta, ya dawo. Sai ran nan da yamma muna zaune a ƙofar gida, lasifikar masallacin unguwa tana ta wa'azi a kan gaba. Mai wa'azin ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya mutu a cikin gaba yana cikin hatsari babba. Ya yi ta nanatawa, yana kwatanta wuta kamar jiya ya dawo daga can. Na ga yaron yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gama hannu ɗaya ya shiga na biyu. Ya juyo ya tambaye ni ko abokinsa yana cikin wuta saboda shi.

Da ni mutumin littafin yarinyar nan ne, da na san abin faɗa. Ni kuwa sai na ce, ai wuta ba ta cin masu manyan kunnuwa, ta nan hayaƙin ke fita. Ya dube ni, irin duban da ba yaro ke yi wa babba ba.

Ya ce, "Tsoho, na rantse ba ni ƙara yi ma kowa magana sai na fara yi mishi."

Daga nan ya kulle bakinsa.

Da farko mun ɗauka rigimar yara ce. Uwarsa ta lallashe shi, ta yi masa ɗanwake, bai tanka ba. Tsohuwata ta ce za ta sake shi ta dawo wurina, ko murmushi. Malaminsu na allo ya zo har gida ya zaunar da shi, ya bayyana masa cewa yaro ba a rubuta masa zunubi, abokinsa yana Aljanna, rantsuwar yaro kuma ba ta hawa kansa. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, bakin nan dai a rufe. Abinci ma ya fara ja da baya. Kullum sai ya je bakin ƙofar gidan da iyayen abokin suka tashi ya zauna, yana murza yatsansa na nuni da ɗayan hannun har wurin ya yi ja.

Ubansa yana aiki a Zurmi, sai ran Juma'a yake zuwa. Mutumin kirki ne, amma a shekarun nan ya tsuke, ya tara gemu, ya daina dariya da ni a gaban mutane. Zuwansa na farko ya yi faɗa. Zuwansa na biyu ya ɗauko bulala, na shiga tsakani. Na ce masa a kai yaron Katuru ya ga kabarin, ƙila hankalinsa ya kwanta. Ya ce, Baba, wane irin zance na wannan, a kai yaro ya yi hira da kabari? Ya ce wannan ba baƙin ciki ba ne, iskoki ne suka shige shi. Akwai wani mai magani a bayan Zurmi da ke rufe mutum a ɗaki ya turara masa hayaƙi har aljanin ya yi magana. Ya ce in ya dawo Juma'a mai zuwa yaron bai buɗe baki ba, can zai kai shi.

Na san ɗakin nan. Na taɓa raka wani, na ji yadda ake tari a ciki. Kuma na san jikana. Taurin kansa nawa ne, ba a ƙasa ya tsinta ba. Zai shaƙe a cikin hayaƙin nan bai ce uffan ba.

Ran Alhamis da sassafe na ɗauki buhun igiyata kamar kullum. Na ce wa uwarsa zan tafi da shi ya riƙe mini kaya, ko iskar hanya ta yi masa amfani. Ban ce mata Katuru ba. A bakin zaure na sunkuya na raɗa masa inda za mu. Ya ɗago ya dube ni, ya riga ni fita.

Muka samu a-kori-kura ta 'yan kasuwa, muka hau baya, a kan buhunan gero. Duk tashar Ƙaura an san ni, amma motar nan ta taho ne daga wajen Gusau, ba fuskar da na sani a ciki. Kusa da mu akwai wani mai matsakaicin shekaru, da farar hula da carbi, mai son yara ne da gani. Ya ciro dabino ya miƙa wa yaron, ya tambaye shi sunansa. Shiru. Ya tambaye shi ɗan wane gari ne. Shiru. Ya juyo gare ni ya ce, Baba, wanga yaro lafiya yake? Ina za ka da shi?

Amsa mai sauƙi tana nan, jikana ne, ba ya jin daɗi. Amma shekara da shekaru in aka tambaye ni game da yaron nan a gabansa, tsiya nake yi. Kuma a raina ina fatan ko zai ji haushi ya rama, ko gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "Shinkafi za ni da shi in sayar. Ba ya da surutu, ba ya cin abinci da yawa. In kana so in rage maka."

Ba wanda ya yi dariya. Na jira, don wani lokaci mutane sai sun ɗan juya magana kafin ta kama su. Ba ta kama kowa ba. Mai farar hula ya mayar da dabinonsa aljihu. Wata tsohuwa da ke can kusurwa ta jawo jikarta ta rufe ta da mayafi. A lokacin kuwa ana ta jita-jitar masu satar yara, wai suna shafa wa yaro wani abu a ka sai bakinsa ya mutu, ya bi su kamar tunkiya. Na san da zancen, ni kaina na sha ƙara masa gishiri a majalisa. Na ce, wasa nake yi, jikana na. Mai farar hula ya ce to. Bai ƙara kallona ba, sai buhuna yake kallo, inda bakin wata igiya ya leƙo.

Muka ci gaba da tafiya. Ina jin iskar bazara tana dukan fuskata kamar daga bakin murhu, amma bayana sanyi yake yi.

Muna shiga tashar Shinkafi, kafin mota ta gama tsayawa, mai farar hula ya dire. Na sauko da yaron, na saɓa buhu, na ce masa mu yi sauri. Ba mu kai bakin tasha ba aka riƙe mini riga ta baya. Samari ne uku cikin masu aikin sa-kai na lokacin, masu kula da kasuwa, ɗaya da usur a wuya. Kafin in gama sallama mutane sun kewaye mu. Ranar kasuwa ce, kuma kasuwar Shinkafi ba wasa ba ce, har daga Nijar ake zuwa. Da'irar tana ta ƙara kauri.

Mai usur ya tambaye ni yaron na wane ne. Na ce jikana. Ya ce an ji na ce sayar da shi zan yi. Na ce wasan kaka da jika ne, ko shi ba ya da kaka? Wannan ma kuskure ne. Aka zazzage buhuna a ƙasa, igiyoyi suka watse, masu kauri da sirara. Wani ya ce kun gani. Aka laluba aljihuna aka ciro 'yar wuƙar da nake yanke rama da ita, da wata tsohuwar laya da na manta ma tana nan. Kowane abu aka ɗaga sama sai taron ya yi gunaguni.

Mai usur ya durƙusa gaban yaron, ya yi masa magana a hankali, don gaskiya shi a ganinsa ceto yake yi. Ya ce, ƙanena, kada ka ji tsoro, wanga tsoho kakanka na? Yaron ya gyaɗa kai da ƙarfi. Na ce to kun gani. Wata murya daga baya ta ce ai haka suke yi, in an shafa musu abin, duk abin da aka ce sai su gyaɗa kai. A sa shi ya faɗa da bakinsa. In ba a ɗaure masa baki ba ya faɗi sunansa da na ubansa.

Na fara bayani, abokinsa ne ya rasu, ya yi rantsuwa, amma hayaniya ta danne ni. Wani ya ce a kai ni gaban alƙali, wani ya ce wane alƙali, ga shi ga hannu. Ban ga inda marin ya fito ba, sai dai na ji kunnena na hagu ya ɗauki ƙara, hulata ta faɗi. Na ga wani yaro matashi ya sunkuya yana zaɓen dutse.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kalma biyu kawai ake nema, kakana ne, kuma ga mai faɗinta nan tsaye riƙe da gefen rigata. Na dube shi da niyyar in roƙe shi. Na ga idanunsa sun cika, haɓarsa tana rawa, leɓɓansa sun fara rabuwa. Zai yi magana. Zai karya rantsuwarsa saboda ni, alhali Katuru tana nan kusa, ba ta fi a hau babur a je ba. Na san in ya yi haka, ko na kai shi kabarin daga baya, a wurinsa ya riga ya saɓa, abokinsa ba shi ne na farko ba. Zai ɗauki wannan ya ɗora a kan wancan.

Na ce, "Kai, ɓarawon mata, rufe bakinka. Ba yanzu ba."

Ya rufe.

To ku auna yadda maganar nan ta faɗa a kunnen taron. Tsoho da igiya da wuƙa da laya, yaro zai yi magana ya ce masa ya rufe baki, yaron kuma ya bi. Wurin ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Aka fizge yaron daga jikina. Dutsen farko ya same ni a kafaɗa. Samarin nan uku, Allah ya saka musu, su suka zagaye ni suna tura mutane baya, mai usur yana ta busawa, har suka ja ni zuwa rumfar shugaban direbobin tashar.

Dattijo ne baƙi mai ƙiba, yana zaune a kan benci yana cin goro, bai ko tashi ba. Ya sa aka ja 'yar ƙofar langa-langa, ya ce in faɗa masa tun daga farko, kuma in na sa wasa a ciki zai buɗe ƙofar nan ya koma cin goronsa. Karo na farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara masa komai ba. Motar kara, ƙaramin yatsa, sanƙarau, wa'azin kwana uku, ɗakin hayaƙi na gobe. Na faɗi sunan uban mamacin da unguwarsu a Katuru. Yaron yana tsaye a kusurwa, wani ya dafa kafaɗarsa, hawaye na zuba amma ba sauti.

Dattijon ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya ce shi bai san ni ba, kuma ya ga maƙaryata masu furfura fiye da tawa. Amma maganar tana da sauƙin gwadawa. A kai mu Katuru. In mutumin da na ambata yana nan kuma ya shaida ni, shi ke nan. In babu shi, a wuce da ni wurin hukuma kai tsaye. Mai usur ya ce mutanen waje ba za su bari a fita da ni haka ba, za su ce an sake ni. Dattijon ya ce to a ɗaure shi mana, ga igiya nan ya kawo da kansa.

Haka aka yi. Aka zaɓi ta rama, mai kaurin yatsa, aka haɗa hannuwana ta gaba. Ina so in shaida, ko da ba wanda ya tambaye ni, igiyar nan ba ta da laifi. Na gwada ta a hanya, ko motsi.

Aka fito da ni ana kallo, aka ɗora ni a babur tsakanin mai tuƙi da ɗaya daga cikin samarin. Yaron yana babur na biyu tare da mai usur. Rana ta take. Hanya rairayi, babur yana ta wutsil-wutsil, ni ba hannun riƙewa. Abin da ke cina a rai ba igiyar ba ce. In mutumin nan ya tafi wata kasuwa fa? In ya tafi ci-rani? Tun da ya bar Ƙaura ban ji ɗuriyarsa ba. Duk juyowar da zan yi sai in ga yaron ya leƙo ta gefen mai usur yana duba ko ina nan.

Muka same shi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya ɗago ya ga babura biyu da baƙi, ya gan ni a ɗaure, sai idonsa ya sauka a kan yaron. Ya ajiye fartanyar. Yaron ya sauka ya tafi wurinsa da gudu ya rungume ƙafafunsa, mutumin ya dafa kansa, ya ɗaga fuska sama ya daɗe a haka. Samarin suka dubi juna. Ba wanda ya sake tambayar komai. Shi da kansa ya zo ya kwance ni, yana cewa, Baba, mi ya kai ka ga haka? Na ce bakina. Ya ce ai ya sani, tambaya ce kawai.

Na yi masa gaisuwa, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya shiga gida ya fito, ya ce uwar mamacin ba za ta iya ganin jikana ba tukuna, in ta gan shi kamar ta ga wancan ne. Ya sa takalmi ya wuce gaba.

Maƙabartar tana bayan gari. Sababbin kaburbura sun yi yawa, kuma da yawansu gajeru ne. An jibga ƙaya a kan kowanne saboda dabbobi. Ya bi ta tsakiya bai yi ɗar ba, ya tsaya a kan wani ɗan ƙarami kusa da wata aduwa. Muka yi addu'a, har da samarin, don sun biyo mu. Da muka shafa, yaron ya matsa gaba shi kaɗai. Ya janye reshen ƙaya ɗaya, ta soke shi bai kula ba. Ya durƙusa. Ya miƙe yatsansa na nuni ya tura shi cikin ƙasar nan mai zafi har ya nutse, ya lanƙwasa shi.

Ɗaya daga cikin samarin ya motsa, na ga alamar zai ce wannan ba ya cikin addini. Uban mamacin ya dube shi sau ɗaya, ya fasa.

Yaron ya kira sunan abokinsa. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya sake kira. Sannan ya ce, "Mun shirya. Motar ma ba ta yi kyau ba, tayar baya ta karkace. Mun shirya, ka ji?"

Sai kukan ya zo, wanda ya riƙe tun ranar da aka kawo labari. Ba wanda ya hana shi. Mai usur ya juya mana baya yana kallon gonaki. Ni kuwa ƙurar wurin ce ta shiga mini ido, kowa ya san yadda ƙasar Katuru take.

Da muka koma Shinkafi kasuwa ta fara watsewa. Shugaban direbobi ya sa an tattara mini igiyoyina, har da hulata, an taka ta amma tana nan. Samarin suka ba ni haƙuri, na ce ba komai, amma wanda ya mare ni in an gan shi a ce masa hannunsa ya fi hankalinsa nauyi, irin bakina ne. Dattijon ya ce wa yaron, to malam, yanzu wanga tsoho wane ne? Yaron ya ce, kakana na, amma ba ya da wayo. Dattijon ya ce wannan kam duk tasha ta shaida. Ban sayar da igiya ko ɗaya ba ranar.

A motar komawa aka ba mu gaba, kusa da direba. Rana ta yi sanyi. Kafaɗata tana zugi, kunnena bai daina ƙara ba, kuma ina ta tunanin abin da zan faɗa wa ubansa gobe, don shaidar igiya tana nan a wuyan hannuna. Yaron ya ci ƙosai, ya sha ruwa, ya jingina da ni. Na ɗauka barci ya yi. Don in gwada ko muryar tana nan, na ce masa ya ja mini asara, ko ɗan akuyar ban samu ba, gobe tun da safe zan kai ƙararsa wurin matarsa.

Bai rama ba. Ya kama hannuna yana shafa inda igiyar ta ci. Mun kusa shiga Ƙaura, an fara ganin hasumiyar masallaci, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Tsoho, kullum muna faɗa ni da kai. In za ka mutu ka faɗa mini tun da saura, kada ta same mu ba mu shirya ba."